Tambayoyin Hausa na JAMB da ke kayar da 'yan gida

Jiddah: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina cikin masu zana JAMB, jarrabawar shiga jami'a, bana, kuma Hausa na cikin darussana huɗu. Malamin da ke mana bita ya ba mu takardar gwaji, akwai tambayoyi huɗu da suka raba ajinmu gida biyu. Don Allah masana a warware mana, amma da hujja, ban da "haka kunnena ya ji".

1. Wace jimla ce ta bi ƙa'idar rubutu?
A. Akan wannan batu a kan yi gardama.
B. A kan wannan batu akan yi gardama.
C. Akan wannan batu akan yi gardama.
D. A kan wannan batu a kan yi gardama.

2. Cike gurbi: Gwamnati__ jihar __ rufe makarantun.
A. r, ta   B. n, ya   C. n, ta   D. r, ya

3. Ɗan kasuwar ya __ hatsin ƙauyen kakaf.
A. sayi   B. saya   C. saye   D. sayu

4. Wanne ne bare a cikinsu?
A. jan kunne   B. jan ƙafa   C. jan aiki   D. jan hankali

Kwamared: Ikon Allah! Bahaushiya ta zauna tana bitar Hausa? Ƙanwata, ki tattara ƙarfinki a kan Ingilishi, can ake zubar da maki. Ga amsoshinki: C, A, A, B. Gwamnati mace ce, don haka r za ta ɗauka. An gama.

Mai Alli: Wa alaikumus salam. Kwamared, Allah ya ba ka haƙuri, huɗu ka amsa, huɗu ka faɗi. Kuma na ji daɗi da ka riga kowa, domin irin wannan gaggawar ce ke cin ɗalibaina kowace shekara. Tambayoyin Hausa 40 ne a cikin 180, amma makinsu 100 ne cif, daidai da na Ingilishi mai tambayoyi 60. Wanda ya raina su, shi ya sani.

Ta farko B ce. "A kan" kalmomi biyu ne: harafin "a" da kuma "kan", wato kai. Shi ne na "a kan tebur", "a kan wannan batu". "Akan" a haɗe kuwa lokaci sabau ne, wato na abin da aka saba yi, ɗan gidan su nakan, yakan, takan, mukan, sukan. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ki cire shi ki sa "sukan". Idan jimla ta zauna, haɗewa za ki yi. "Sukan yi gardama" ta zauna. "Sukan wannan batu" ba magana ba ce, don haka na farkon a rabe yake. Haka "takan zo da safe" da "ya biyo ta kan gada".

Kwamared: To na ji ta farko, Malam. Amma ta biyu fa? Kai da bakinka za ka ce gwamnati namiji ne?

Mai Alli: Ban ce ba. Mace ce, shi ya sa muke cewa "gwamnati ta ce", "gwamnati ce ta hana". Inda ka zame shi ne zaton duk sunan mace r yake ɗauka. Sharaɗi biyu ne sai sun haɗu: sunan ya zama na mace, kuma ya ƙare da wasalin a. Mota, motar. Riga, rigar. Gona, gonar. Idan na mace ne amma bai ƙare da a ba, n yake ɗauka, jinsinsa kuma bai canza ba. Ka taɓa jin mai karanta labarai ya ce "gwamnatir Najeriya"? Gwamnatin Najeriya ta ce. Kalmar mace ita kanta, macen muke cewa. Kano mace ce kamar sauran sunayen garuruwa, shi ya sa ake mata kirari da "ta Dabo", amma idan aka gajarta nasabar sai ka ji Kanon Dabo. Amsa C ce.

Sai a kula da ɗaya gefen kuma. Ba duk mai ƙarewa da a ne mace ba. Gida, ruwa, nama, suna, wata na sama, duk maza ne: gidan, ruwan, naman.

Anti Bilki: Allah gafarta Malam, a ta uku ina da ja. Ni dai kunnena bai ƙi "ya sayi hatsin ƙauyen kakaf" ba. Kuma abin da aka koya mana shi ne aikatau irin su saya, nema, tambaya, idan suna ya biyo baya i suke ɗauka, idan wakilin suna ne e: ya sayi doki, ya saye shi, dokin da ya saya. Tunda hatsi suna ne, me ya hana A?

Mai Alli: Hajiya, ƙa'idar da kika kawo daidai take, kuma ita ce tarkon da mai tambayar ya ɗana. Saye biyu ne. Akwai wanda kika faɗa, na "ya saye shi", muryarsa daga ƙasa take hawa sama. Akwai kuma wani na daban, mai faɗowa daga sama, wanda ke nuna an yi aikin gaba ɗaya ba a bar komai ba. Shi ne ɗan'uwan cinye da shanye da kwashe. A rabon aikatau zuwa aji bakwai da masanin nahawun Hausa F. W. Parsons ya yi a 1960, na farkon aji na biyu ne, na biyun aji na huɗu. A rubutu kamarsu ɗaya, tunda ba ma sa alamar karin sauti. "Ya sayi hatsi" yana iya zama tiya biyu. "Ya saye hatsi" kuwa ya bar kasuwa ba ko ƙwaya. Kalmar "kakaf" ba ado aka sa ta ba, ita ce ke nuna miki inda amsa take.

Anti Bilki: Na yarda C ta fi ƙarfi. Amma ban yarda A kuskure ba ce. Da a ce rubutun insha'i ne yaro ya rubuta "sayi", da wane dalili za ka ja masa jan biro?

Mai Alli: Ba zan ja ba. Sai dai wannan ba insha'i ba ne, zaɓi ne cikin huɗu, kuma kwamfuta ɗaya ta sani. Idan biyu sun yiwu, wadda sauran kalmomin jimlar suka goyi bayanta ita ake ɗauka.

Jiddah: Na gode Malam, na gode Anti. Ta huɗun ce ta fi tayar da ƙura a ajinmu. Wasu sun ce jan aiki ne bare don sauran duk sassan jiki ne, sai wasu suka ce ai hankali ba sashen jiki ba ne.

Anti Bilki: Amsar masu cewa jan aiki daidai, hujjar ce gurguwa. Ja biyu ne a nan. Akwai ja na janyowa, akwai ja na launi. Ki mayar da kowanne aikatau ki gani: ya ja masa kunne, ya ja ƙafa, ya ja hankalinmu. Duk sun tafi. Amma ba a cewa "ya ja aiki" da nufin aikin ya yi tsanani. Jan da ke cikin jan aiki sifa ce, launin nan ne aka ara don nuna tsanani, irin na jan hali da jan wuya. Kuma da yake sifa ce, jinsi take bi: jan aiki, amma jar miya, jar ƙasa.

Tunda na ambaci jan wuya, ga wata kyauta. Wuya na jiki namiji ne, wuya ta wahala mace ce. Wuyan riga, amma wuyar aiki ba a fara ba. Idan aka tambaye ki wace wuya ce a jan wuya, n ɗin nan ya riga ya ba ki amsa.

Basakkwace: Ni duk wanga bayani na ji shi, amma ku bar ni in faɗi abin da ke ci mini rai. Ƙanena ya kawo mini irin wagga takarda, an ce "Yaushe __ dawo?" an jera kun, kuka, kunka, kuna. Yaro ya ɗauki kunka, an ce ya faɗi. Da wace hujja? Kakanninmu da sunka rubuta waƙoƙi da ajami tun zamanin Shehu, kunka da munka sunka rubuta. Yanzu a ce Hausarsu kuskure ta? A kira jarrabawar da sunanta mana, a ce jarrabawar Kananci.

Bakano Na Ƙwarai: To ai ka faɗa da bakinka. Hausa a Kano take, saura kwaikwayo.

Bazazzagi: Ga shi nan ya fito. Mutumin da ke cewa "guri" da "bacci" shi ne zai koya mana Hausa.

Bakano Na Ƙwarai: Kai dai yi shiru, mai "matan shi ya zo". Mace ɗaya tal kun mayar da ita jam'i kuma namiji.

Mai Alli: Kanawa da Zagezagi, a ajiye wasan nan tukuna, maganar Basakkwace babba ce. Ɗan'uwa, kunka ba kuskure ba ce, Hausa ce tsantsa. Abin da ake tambaya a takardar shi ne Daidaitacciyar Hausa, wadda ake rubuta littattafan makaranta da jaridu da ita. Gaskiya ne an gina ta a kan karin Kano, ba mai musun wannan. Amma ba Kananci ba ce kai tsaye, kuma Bazazzagi ya taɓo wurin. Bakano na cewa guri, a rubuce wuri ne. Yana cewa bacci, a rubuce barci. Yana cewa "dan Allah", a rubuce don. Yana furta "hulab Bala", a rubuce hular Bala. Na sha ganin yaran birni sun faɗi irin waɗannan saboda sun saki jiki cewa harshen gidansu ne ake tambaya. Wanda ya san karinsa ya bambanta ya fi yin hattara.

Kuma akwai inda ku kuka fi kowa gata. A daidaitaccen rubutu "ya zo" na "Audu ya zo" da "ya zo" na "Audu ne ya zo" kamarsu ɗaya, alhali lokuta biyu ne, shuɗaɗɗe na ɗaya da na biyu, tsawon wasali ne kawai ya raba su. Ku kuwa kuna cewa "shi na yaz zo", bambancin a fili. Idan aka ce a faɗi lokacin da jimla take ciki, yaron Sakkwato zai ji shi a bakinsa. Saura sai su yi dabara: su mayar da jimlar jam'i. In ta ba da "sun", na ɗaya ne. In ta ba da "suka", na biyu ne. Bayan kalmomin tambaya irin su wa, me, yaushe, ina, da bayan "da" na "yaran da", da kuma inda aka gabatar da abu aka dirka masa ne ko ce, na biyun ne ke zuwa. Shi ya sa "yaushe kun dawo" ba ta zauna ba ko a wane gari.

Basakkwace: Malam, ka yi mini daɗin baki amma makin yaro dai ya tafi. In sun san kunka Hausa ta, don mi za su sa ta cikin zaɓi a matsayin tarko? Su sa wani abu da ba kowa ke faɗi ba.

Anti Bilki: A nan ina bayanka. Sanya karin wani yanki a matsayin amsar banza yana koya wa yaro raina harshen iyayensa. In dai tambayar ta ce "a Daidaitacciyar Hausa", to babu laifi, an faɗa masa filin da ake wasa. In ba ta ce ba, mai tambayar ne ya gaza.

Amma batun cewa Kanawa ne suka zauna suka yanka wa kowa, tarihi bai nuna haka ba. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, shi ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Aikin gyara su da yaɗa su kuwa a Zariya aka yi mafi yawansa, a hukumar fassara da talifi ta zamanin Rupert East, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, wadda Abubakar Imam, haifaffen Kagara mai karatun Katsina, ya yi wa edita. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. Daga baya aka yi taron Bamako a 1966, na Kano a 1972, da na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Najeriya da na Nijar. Hannu da yawa ne a ciki.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga wannan ɓangaren. Mu ba mu zana JAMB, amma muna biye da ku. Duk da taron Yamai ɗin, har gobe mu ƴ mai ƙugiya muke rubutawa a ƴaƴa, ku kuna sa waƙafi a sama kafin y. Kuma a bakinmu kunka ɗin nan ita ce daidai, Basakkwace ba kai kaɗai ba ne.

Jiddah: Malam, tunda ana kan rubutu, wani abu na ruɗa ni. Me ya sa ake haɗe "gidansa" amma a raba "na gan shi"? Kuma wanne ne daidai, "ina sonki" ko "ina son ki"?

Kwamared: Wa ya turo miki wannan saƙon har kike duba ƙa'idarsa?

Jiddah: Yaya Kwamared, a takardar gwaji yake wallahi.

Mai Alli: Kwamared, bar yarinya ta yi karatu. Jiddah, ki duba abin da ke gaban wakilin sunan. Idan akwai n ko r ta nasaba, gajeriyar mallaka ce, a haɗe take: gidansa, motarta, gonarmu. Idan aikatau ne tsura ya faɗa a kan karɓau, wato wanda aka yi wa aikin, a rabe: ya kama shi, ta tambaye mu, sun kira ku. "So" a cikin "ina so" suna ne ɗan aikatau, shi ya sa yake ɗaukar n kamar yadda gida ke ɗauka. Don haka "ina sonki", "yana dukansa", "muna ganinsu", duk a haɗe. Ki lura ma da siffar wakilin sunan: sa ake cewa a mallaka, shi a karɓau. "Na gan shi" kuwa n ɗinsa ba ta nasaba ba ce, jikin aikatau ɗin ce, haka gani yake komawa a gaban wakilin suna: na ga Audu, na gan shi. Doguwar mallaka ita kuma kullum a ware take: littafin nasa, motar tasa.

Sauran masu kayar da mutane ba su da yawa, kuma rubutun waya ne ya lalata mana ido da su. Za su, za mu, za ta a rabe, zan da zai a haɗe. "Ba su zo ba" a rabe, "ban" da "bai" kuwa a haɗe. Yana da, ba "yanada" ba. "Ba ya zuwa" daban, "baya" na jiki daban. "Ya ba ta kuɗi" kyauta ce, "ya ɓata kuɗi" asara ce, wanda ya rubuta "ya bata kudi" bai faɗi ko ɗaya ba. Duk mai shirin jarrabawar nan ya sa allon rubutun Hausa a wayarsa, Gboard na da shi, ya riƙa sa ƙugiya ko a hira da abokai. Tun 2015 a kwamfuta ake zana jarrabawar gaba ɗaya, yanzu kuma awa biyu ake bayarwa ga tambayoyi 180, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya. Ba lokacin tuno ƙa'ida, idon da ya saba shi ke ganewa.

Bazazzagi: To "ci gaba" fa? Ina ganin "cigaba" a jaridu. Haka ɗan'uwa, wani ya sa waƙafi, wani karan ɗori, wani ya raba.

Mai Alli: In aikatau ne, a rabe ba gardama: ya ci gaba da magana. In suna ne, marubuta sun rabu, kuma za ka tarar da duka biyun a bugaggun littattafai. Haka ɗan'uwa. Mai tambaya nagari ba ya gina tambaya a kan abin da ba a daidaita ba. In ta fito, a bi yadda littafin nahawun da ke cikin manhajar JAMB ya rubuta.

Anti Bilki: Mu dawo kan maganganun hikima kafin dare ya yi, don a nan ne 'yan birni ke shan kashi. Yaro ya ga farin jini da farin ciki sai ya ɗauka duk fari alheri ne. Sai a kawo masa farar ƙafa, ya zaɓi "mai sa'a", alhali camfi ne na macen da ake cewa wanda ya aure ta arzikinsa zai karye. Farar hula kuma ba ruwanta da alheri ko sharri, wanda ba soja ba ne ba kuma ɗan sanda ba. Baƙin ciki ma fuska biyu gare shi: "yana cikin baƙin ciki" damuwa ce, "ɗan baƙin ciki ne" hassada ce.

Sai kunne. Kunnen ƙashi hali ne, yaron da ba ya jin magana kullum. Kunnen uwar shegu kuwa abu ne da mutum ke yi da gangan a wani lokaci, ya ji sarai ya yi kamar bai ji ba. Gwamna na iya yin kunnen uwar shegu da koken ma'aikata, ba a ce ya yi kunnen ƙashi ba.

Jiddah: Akwai wata a takardar: "Wace karin magana ce ta yi daidai da: abin da ya ci Doma ba ya barin Awai?" Ni ban ma san Doma ba.

Basakkwace: Garuruwa na, Doma da Awe, duka suna jihar Nasarawa yanzu. Ma'ana abin da ya sami maƙwabcinka yana tafe gare ka. Ki nemi ta gemu: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Jiddah: Tana ciki kuwa, ita ce B. Amma akwai "kowa ya ci zomo ya ci gudu" a D, da yawa ita suka ɗauka.

Anti Bilki: Saboda sun ga "ci" a nan sun ga "ci" a can. Ta zomo magana ce a kan cewa ba a samun abu sai an wahala. Ba kalma ake bi ba a irin wannan tambayar, wurin da ake faɗin maganar ake dubawa. Ki tambayi kanki: a wane hali tsohuwa za ta faɗi wannan? In halin ɗaya ne, su ne 'yan'uwa, ko da ba kalma ɗaya da ta haɗa su. Ci da sha ma ba abin yarda ba ne. Cin fuska, cin amana, cin hanci, cin rani, ba abinci ko ɗaya. "Ya sha zuwa nan" kuma ba ruwa a ciki, yana nufin ya zo sau da yawa.

Kwamared: To Malam, a ba ni dama in fanshe. Jefo wata.

Mai Alli: Bismilla. Jam'in kasko, jam'in tunkiya, jam'in takobi.

Kwamared: Tumaki. Takubba. Kasko kuma kaskuna.

Bakano Na Ƙwarai: Biyu cikin uku, an samu ci gaba.

Mai Alli: Kasake, Kwamared. Gidansu ɗaya da birni birane, jirgi jirage, gulbi gulabe. Wasalin a ne ke kutsawa tsakanin baƙaƙen nan biyu na tsakiya, e ta zo ƙarshe. Jiddah, ki gwada da kurmi da kulki ki turo mana.